Sirdi Uku, Gyambo Ɗaya

Talata, 2 ga Yuli 2024

Ya kashe mata baya.

Da la'asar ya dawo daga gona, ya kwance sirdi ya yar a gindin dalbejiya, ya shige ɗaki. Na je ba Shagwaɓa ruwa, na ɗora hannu a gadon bayanta, ta zabura har ta kusa tumɓuke turke. Bayan kafaɗar dama, wuri kamar tafin hannuna, gashi ya tafi, fata ta saɓule, ja zur. Ƙudaje har sun sami labari.

A nan zan rubuta sunansa, tunda takarda ba ta san kunya ba. Munkaila. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan nake cewa Malam, amma yau Munkaila ne ya kashe wa goɗiyar ubana baya.

Na tsaya bakin ƙofarsa na ce, "Malam, ka ga abin da ka yi?" Ko tashi bai yi ba. "Sa mata baƙin mai, Madam, gobe ta warke." Baƙin man inji, wanda ake juyewa daga cikin moto! Mutumin da ya yi aikin buro, a ofis, har ritaya. Na ce in ciwonsa ya zo na san maganin da zan shafa masa.

Alhamis, 4 ga Yuli

Ruwan gishiri safe da yamma, da maganin feshi mai shuɗi da na aika aka sayo Malbaza. Na ɗinka mata lulluɓi da tsohon gidan sauro saboda ƙuda. Tana tsaye a ciki tana hararata.

Na kifa sirdin na duba cikinsa, abin da ya kamata mai hawa ya yi tun farko. Sirdin Baba ne. Da shi ya zagaye ƙauyukan Alela yana yi wa shanu allura, ni a bayansa riƙe da rigarsa duk ranar da babu lakwal, makarantar boko. Amma itacen an sassaƙa shi ne don wani ingarma siriri kamar wuƙa, wanda ƙasa ta cinye tuntuni. Shagwaɓa kuwa faɗi gare ta kamar rumbu. Zubka, matasan nan biyu da ke kare bayan dabba daga itace, sun daskare sun zama dutse.

Ba laifin Baba ba ne. Laifin wanda ya sauko da sirdi daga inda na rataye shi bai tambaya ba.

Tun kafin damina Malam ya kyautar da motonsa, babur ɗin da yake hawa, ga ɗan ƙanensa, wai esansi, man fetur, ya yi tsada, wai in fadama ta cika moto ba ya ƙetarewa. Mutumin da ya raina doki duk rayuwarsa, yana kiran shi abin hawan mutanen da, yau shi ne mahayi. Kuma bisa goɗiya, 'yan majalisarsu suna ta yi masa dariya. Ban gane ba. Ban tambaya ba, don in na buɗe baki zagi zai fito.

Lahadi, 7 ga Yuli

Nafi'u ya zo daga Konni. A nan Dogarawa labari ya fi taksi gudu.

Ƙanena ne, ni na goye shi, amma a gadon Baba kashi biyu nasa ne, ɗaya nawa, har a jikin goɗiya. Ya bar ta hannuna ne don ba shi da wurin ɗaure ta. Ya ɗaga gidan sauron, ya duba, ya ja tsaki.

"Yaya, wagga ta lalace. Gyambon baya ba shi barin dabba. Gara a sai da ita tun da nama ga jikinta."

Tun da nama ga jikinta. Na san abin da yake nufi. Na sha ganin manyan motocin nan, an cusa tsofaffin dawaki da guragu kamar buhuna, ana ƙetare iyaka da su zuwa kudu inda wuƙa ke jiran su. Shagwaɓa ce ta ƙarshe a dawakin Baba. Uwarta a hannuna aka haife ta.

Na gaya masa abin da na gaya masa. Har na ɗauko zagin uwarsa, na tuna tawa ce.

Ya ce ya ba ni zuwa a gama yankan gero. In ya zo ya tarar da gyambo, da dillali zai zo.

Alhamis, 11 ga Yuli

Tunda na hana goɗiya Malam yana gida. Ana tsakiyar noma, 'yan ƙwadago suna can su kaɗai suna yin abin da suka ga dama, mai gona yana kishingiɗe da radiyo. Gonar nan daga bayan gari ana hango itatuwanta. Na ce ya taka. "Da girmana?" Na ce ya hau amalanken maƙwabta. "Amalanke na mata ne da marasa lahiya."

Girma! Tun bara ya koyo wata tafiyar ƙasaita, a hankali a hankali, babbar riga har ƙasa ko ana zafin da ke kashe kaji. Masallaci ma ya rage zuwa, wai liman yana jan sura. Sallarsa a ɗaki, ƙofa a rufe. Ritaya ta kumbura masa kai, shi ke nan.

Laraba, 24 ga Yuli

Gyambo ya rufe. Na tafi kasuwar Konni da kaina.

A rumfar kayan doki maza ne zube bisa benci, kowa da tarihin ƙugunsa. Wani tsoho daga Alela ya ce sirdin gargajiya ya fi, kana zaune ciki kamar a kujera, sai dai in itacen ya matse doki ka gama da shi. Wani ɗan sukuwa ya ce ƙarya ne, nauyinsa kaɗai ya isa ya sa ka zo na ƙarshe. Na uku ya ce shi majayin sabon sirdi ya tsinke masa ana cikin gudu, ya farfaɗo a cikin albasar mutane, mai gonar yana tambayar sa diyya kafin ya tambaye shi lafiya. Suka tuntsire. Babu wanda ya yi zancen bayan dokin sai tsohon, shi ma sau ɗaya.

Da na ce sirdi nake so duk suka juyo. "Na maigida, Hajiya?" Na ce na goɗiya ne, maigida zai dai zauna a kai.

Mai rumfa ya ciro min irin na Turawa, baƙi, ba nauyi, yana sheƙi. "Wanga daga waje yaz zo. Kowane doki shina shiga." Wannan maganar kaɗai ta isa ta kore ni. Wane takalmi ne ke shiga kowace ƙafa?

Na saya. Ni, tsohuwar malamar lakwal, da kwalayen littattafai har rufin ɗaki. Sheƙi ya ja ni kamar kaza ta ga madubi.

Talata, 30 ga Yuli

Ruwa ɗaya ya taɓa sabon sirdin. Fatar ta fara ɓarewa kamar albasa, ashe roba ce aka manna bisa tsumma. Na farke gefe da wuƙa: soson katifa, kwali, da wani ƙarfe da ya riga ya yi tsatsa. Ko igiyoyin likkafa ba su zo daidai ba, ta hagu ta fi tsawo. Ɓarayi. Ko huda rami ba su iya ba.

Kuma gyambo ya buɗe. Wuri ɗaya, bayan kafaɗar dama.

Malam kuwa cewa ya yi, "Ai ke kinka zaɓo shi, Madam." Gaskiya ce, shi ya sa na kusa jifan sa da likkafa.

Asabar, 3 ga Agusta

Tsutsa. Ina cire su da tsinke, tana rawar jiki, ina tsine wa duk wanda ya taɓa sayar da sirdi tun da aka halicci doki.

Litinin, 12 ga Agusta

Na je Illela na dawo, ƙuguna kamar an daka.

Akwai wani tsohon littafin Faransanci na Baba kan kiwon dawaki, gara ta ci rabinsa. A rabin da ta rage min na ga yadda ake awon baya. Na samo wayar ƙarfe mai laushi, na lanƙwasa ta bisa kafaɗar Shagwaɓa, wata a tsakiya, wata can baya, na ɗaure su da zare kala-kala. A taksi wata mata ta tambaye ni ko tarkon gafiya ne.

Takama ake ce wa badukun da aka kwatanta min. Tsoho ne, ɗan ƙarami, bakinsa ja da goro. Ƙanensa ke sassaƙa itace, shi yake sa fata.

"Malama, ina dokin?"

Na zube masa wayoyin. "Ga bayanta nan."

Ya juya su, ya dube ni. "Tun ina yaro nike wanga aiki, yau anka kawo min doki cikin jaka."

"Waɗanda anka kawo maka da ƙafafunsu, nawa ka kashe wa baya?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya ji goɗiya ce sai ya gyara zama ya yi min karatu: bayan goɗiya ba a halicce shi don sirdi ba, ko kuma baki ne ya kama ta, a nemo mata laya. Na ce layar ya ɗaura wa allurarsa. Wawanci iri ɗaya daga Konni har Illela, kowa ya san amsa kafin ya ga ciwon.

Amma aikinsa dai aiki ne. Na shinshina fatar, na ja ɗinkin da farce, na matsa zubkarsa, audugar rimi ce, tana komawa in ka saki. Ban gaya masa ba.

Lahadi, 18 ga Agusta

Hanifa, autata, ta kira daga garin Tawa, tsakanin aikinta na asibiti. Na yi mata zancen sirdi har kunnen wayar ya yi zafi. Sai ta ce, "Mama, Baba fa? Lafiyarsa lau?" Na ce lafiyar da ta ishe shi kashe bayan dabba. Ta ce kullum ni da faɗa.

To wa zai yi in ban yi ba?

Alhamis, 29 ga Agusta

Direba ya kawo sirdin Takama cikin buhu. Gyambo ya bushe, sabon gashi ya fara tsirowa.

Malam ya tafi ɗaurin aure a motar mutane, gida nawa ne. Na barbaɗa garin gero a bayanta, na ɗora sirdi a hankali, na ɗaga. Tambarin ya fito daidai, dama da hagu kamar shafi biyu na littafi ɗaya. Na zura hannu ƙarƙashin kwacciya, tudun gaban sirdi, akwai sarari.

Sannan na sa sakata a ƙofar gida.

Rabona da hawa tun ban yi aure ba. Na tattare zane, na taka dutsen wanki, na hau. Muka yi ta zagaya dalbejiya da rumbu, kaji suna watsewa. Na ji kafaɗunta suna aiki a ƙarƙashina, ta saki wuya, tana hura hanci irin na jin daɗi. Na yi ta yi har ta jiƙe. Da na kwance sirdi gumi ya kwanta daidai ko'ina, babu busasshen wuri, babu inda ya yi zafi.

Nafi'u ya je ya nemi wani nama.

Lahadi, 1 ga Satumba

Hawa uku Malam ya yi. Baya ya kumbura. Wurin nan dai, wurin nan! Fata ba ta fashe ba tukuna, amma zafi kamar an ɗora garwashi.

Na aika wa Takama saƙon murya. Na ce masa macuci, na ce ya koma ɗinkin takalman jarirai, na ce ko igiyar likkafa bai iya yankewa daidai ba, ta hagu ta fi tsawo, shi da ɓarayin Konni uwarsu ɗaya. Na ga alamar ya saurara. Bai amsa ba.

An fara ganin kan gero yana nuna.

Litinin, 2 ga Satumba

Na jera sirdin nan guda uku a tsakar gida don in ɗauki hoto in aika wa Nafi'u, ya ga ba sakacina ba ne. Na Baba, na Konni da cikinsa a waje, na Takama.

Ina gyara igiyoyin likkafa don su fito a hoto sai na ga ramin. A na Takama ramukan duk tsaf suke, zagayayyu, tazara ɗaya, dama da hagu. Sai can ƙarshen igiyar hagu akwai wani ƙari, bakinsa baƙi, a ƙone. Na kai hanci. Ƙauri. Ƙusa aka sa a wuta aka huda.

Na duba na Konni. Igiyar hagu, ƙonannen rami.

Na duba na Baba. Baba bai taɓa ƙona fata ba a rayuwarsa. Igiyar hagu.

Sirdi uku daga hannu uku ba za su yi kuskure ɗaya ba. Kuma da ni na hau gumi daidai ya kwanta. Kuma na tuna wata ƙusa da na tsinta a bakin murhu, na yi ta faɗan wa ke son huda min ƙafa.

Ban ɗauki hoton ba. Na mayar da komai inda yake. Da Malam ya ce gobe zai duba gero ban ce a'a ba, har ya ɗago ya dube ni.

Talata, 3 ga Satumba

Ban taɓa ganin ya hau ba. Sai yau na lura. Kullum jan ta yake yi ya fita, wai kada zaure ya buge masa kai, ni kuma ina ciki da littafi ko da fushi.

Na bi shi daga nesa. Ya zagaya ta bayan gidanmu, ya bi ta lungun da ba mutane, zuwa tsohuwar rijiyar da aka daina sha, wadda bakinta ke da tudun siminti. Ya duba gabas ya duba yamma. Ya tattare babbar rigar, sai na ga ƙafar. Ta hagu. Ta rame, kuma ba ta lanƙwashewa daga ƙugu, jan ta yake yi kamar ba tasa ba.

Da gwiwa da hannu ya hau tudun. Ya jawo Shagwaɓa ta gefen dama, gefen da ba a hawa doki. Ya sa ƙafar dama a likkafa, ya rataya duk nauyinsa, sirdi ya karkato, goɗiya ta ƙame ta jure. Sannan ya kama ƙafar hagu da hannu biyu ya tsallakar da ita kamar icen girki. Ya daɗe kife bisa kwacciya, fuskarsa cikin gezarta. Ita ko motsi ba ta yi ba. Ta saba. Ta san abin da ban sani ba.

Da ya miƙe ya saki rigar ta rufe komai, ya gyara hula. Suka tafi. Daga baya kamar damin gero da aka ɗaure wa jaki a karkace, duk ya zube dama, ƙafar hagu tana reto a doguwar likkafa.

Na buɗe baki in kira shi, in ce sauka, kana kashe ta. Na rufe shi, na juya na koma gida.

Laraba, 4 ga Satumba

Ni da nake gano mai satar amsa daga ƙarshen aji ba tare da na ɗaga kai ba.

Juma'a, 6 ga Satumba

Fata ta fashe kaɗan. Na ɗauke sirdin na kulle a ɗakina.

Ya zo nema. Na ajiye masa ƙusar a kan tabarma.

Ya dube ta. "Ƙusa ce."

"Na san ƙusa ce, Malam. Tun yaushe?"

"Tun yaushe mi?"

Na ce ya tashi ya taka daga nan zuwa randa ba tare da rigar nan ba. Bai tashi ba. Sai na fashe. Na ce ya bar ni na zagi sirdin ubana, ya bar ni na zagi tsoho a Illela da bai yi min komai ba, ya bar dabbar da ba ta da baki ta ɗauki ciwonsa a bayanta har tsutsa ta shiga, ya zauna yana ji Nafi'u yana zancen wuƙa, duk don kada a ce Munkaila ya gurgunce. A gabansa na faɗi sunan. Kaji ma sun yi shiru.

Ya ce moton ya kayar da shi a hanyar Malbaza, ya zo tsayawa ƙafar ta ƙi ɗaukar sa. Babu wanda ya gani. Shi ya sa ya kyautar.

"In kin sani, asibiti za ki kai ni, su ba ni sanda. Daga sanda sai tabarma, Madam. Na ga yadda anka yi da ubana. Ana gaishe shi daga tsaye, ana shawarar gonarshi ga kunnenshi ba a tambayar shi." Ya juya ƙusar. "Bisa goɗiya kuwa ba wanda ya san ƙahwata. Dariya suka yi min, amma sai sun ɗaga kai su yi ta."

Na ce wannan ba hujja ba ce. Ba hujja ba ce.

Lahadi, 8 ga Satumba

Abin a fili yake, ko ɗan aji ɗaya zai warware shi. In bai ƙara hawa ba, baya ya warke, Nafi'u ya zo ya koma da dillalinsa. Makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ba sai na yi komai ba.

Malam yana zaune ƙarƙashin dalbejiya tun safe, radiyo a kashe. Ya daina sa babbar rigar a cikin gida. Ɗazu 'yan ƙwadago sun zo shawarar ranar fara yanka, suka tsaya a kansa, sannan suka juyo suka tambaye ni.

Na kore su. Na ce gonar tana da mai ita.

Ina jin haushinsa har cikin haƙorana.

Laraba, 11 ga Satumba

Na kira Takama. Na ce ina son audugar rimi da allurar baduku, a ba direba.

"Macuci kike kira, Malama, ko mai takalman jarirai? Mu biyu muna nan."

Na ce duk wanda ya fi kusa da audugar. Ya tambayi me zan yi, na gaya masa: zan farke zubkar dama in rarake daidai wurin gyambo don kada komai ya taɓa shi, in ƙara tudu kewaye, in ɗinka matashi a mazauni ta yadda mai hawa zai daina zubewa gefe. Ya yi salati. Ya ce zan ɓata masa sirdi, sirdin da ya fi kowane daidaita a bana, in mai da shi karkatacce, kada in gaya wa kowa daga hannunsa ya fito.

Na ce mahayin ne karkatacce. Ya ce zai haɗo da zaren jijiya, ya fi ƙarfi.

Na ce masa ramukansa daidai suke. Iyakar abin da zai samu ke nan.

Asabar, 14 ga Satumba

Sharaɗi: asibiti, sannan makulli. Ya ce ni ba jandarma ba ce. Na ce jandarma ana iya roƙon sa.

Hanifa ta zo ta tafi da shi.

Alhamis, 19 ga Satumba

Gaɓar ƙugu ce ta goge, in ji likita. Ƙwayoyi, motsa jiki, zancen aikin tiyata nan gaba in ya yarda. Kuma sanda. Ya shigo da ita a ƙarƙashin riga kamar kayan sata.

Yatsuna duk huda. Na farke ɗinkin sirdin nan na sake har na daina ƙirgawa. Mummuna ne. Baba da ya gani da ya yi kuka.

Laraba, 25 ga Satumba

Baya ya bushe sarai. In na bar ta haka har Nafi'u ya zo, na ci.

Na ba shi makullin.

Hawa sau ɗaya a yini, zuwa da dawowa, tafiya kawai, rana ɗaya hutu. In ya dawo ni ke kwance sirdi, ni ke karanta gumi. Ranar da na ga busasshen wuri an gama. Ya ce to, Madam, kamar ɗalibin da aka kama.

Na mirgino tsohon turmi na kife shi cikin zaure. Ya tsage ne, ba shi da amfani a madafa. Ba sai an je rijiya ba.

Da yamma na ɗaga sirdin. Jiƙe ko'ina. Wurin gyambo sanyi.

Wauta ce dai. Ina caca da goɗiyar ubana saboda mutumin da ya ce in shafa mata baƙin mai.

Lahadi, 13 ga Oktoba

An gama yanka. Nafi'u ya zo da sassafe, da dillalinsa, wani dogo mai kallon dabba daga cinya. Sun tarar ana shirin fita gona ɗaukar dammuna.

Na ce a ɗaga sirdi ya gani. Ya shafa, ya danna da babban yatsa, ya sake dannawa. Shagwaɓa ta juyo ta kama hularsa. Wurin ya cike, sai dai gashin da ya fito fari ne fat a cikin ja, kamar tafin hannu. Haka zai zauna har ta mutu. Dillalin ya ce tabo yana rage daraja. Na ce to ya gode Allah ba a sayarwa, ƙofa tana inda ya bar ta.

Nafi'u ya ɗaga sirdin yana juyawa. "Yaya, wa yay yi wanga abu? Ya karkace."

Na ce haka ake yayi.

Ya ce to ta zauna. Kamar shi ya warkar da ita.

Malam ya rataye sandar a kwacciya, ya ce ta korar karnuka ce. Ya taka turmi a gabansu, bai jira sun fita ba. Na zagaya hagu na riƙe likkafa da ƙarfina, kamar kowace safiya, don in ya rataya ta dama sirdi kada ya karkato. Da ya zauna na kama ƙafar na sa masa a ciki. Nafi'u ya buɗe baki, wai yayarsa da ta ƙi durƙusa wa sufetan lakwal ce riƙe da likkafa kamar bara. Na dube shi, ya rufe.

Don goɗiya nake yi. Littafin ma ya ce a riƙa yi.

Na tsaya bakin zaure har suka sha kwanar masallaci. Daga baya har yanzu ya ɗan zube dama, kaɗan. Gobe in ƙara auduga. Ya manta gorar furarsa kuma, sakarai. Bari in kai masa, daga nan in ga dammunan.